Tallafin intanet a karkarar Amurka: Shin ya dace a ja wa masu hali waya da kuɗin jama'a?

A duk shekara gwamnatin Amurka kan kashe biliyoyin daloli wajen kai intanet mai sauri yankunan karkara, inda kamfanonin sadarwa ke ganin jarinsu ba zai dawo ba. Manufar ta samu karɓuwa a wajen manyan jam'iyyun ƙasar biyu, domin kowacce na da masu zaɓe a ƙauyuka. Sai dai akwai tambayar da ta daɗe tana kai-komo tsakanin masana tattalin arziki da 'yan majalisa da jami'an hukumar sadarwa: idan yanki na karkara ne amma mazaunansa attajirai ne, shin ya dace a yi masa aikin da kuɗin jama'a?

Tushen tambayar yana cikin yadda aka tsara tallafin tun farko. Galibin shirye-shiryen gwamnatin tarayya wuri suke dubawa, wato nisansa da tsadar isa gare shi da kuma ƙarfin intanet ɗin da ke akwai a can. Ba sa tambayar abin da mai gida ke samu a shekara. Saboda haka ɗakin ma'aikacin gona da katafaren gidan hutun hamshaƙin ɗan kasuwa, muddin suna kan hanya ɗaya mai nisa, matsayi ɗaya suke da shi a idon doka.

Asalin aƙidar kowa ya samu

Tun kafin a san intanet Amurka ta rungumi ra'ayin cewa akwai abubuwan more rayuwa da bai kamata nisa da birni ya hana ɗan ƙasa samunsu ba. Dokar sadarwa ta shekarar 1934, wadda ta kafa Hukumar Sadarwa ta Tarayya da aka fi sani da FCC, ta ɗora wa hukumar nauyin ganin sadarwa ta isa ga al'ummar ƙasar baki ɗaya a kan farashi mai sauƙi.

A tsakiyar shekarun 1930, kimanin gida tara cikin goma a biranen Amurka na da lantarki, alhali a gonaki gida ɗaya ne kawai cikin goma. Wannan ya sa Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa hukumar kai lantarki karkara a 1935, majalisa kuma ta mara masa baya da doka a 1936. Manoma suka kafa ƙungiyoyin gama-kai, suka karɓi rance mai rangwame, suka kafa turaku da kansu. A 1949 aka faɗaɗa shirin ya haɗa da wayar tarho. A wancan zamanin ba a cika damuwa da tambayar ko wane ne zai amfana ba, domin karkara da talauci kusan tare suke tafiya.

Dokar sadarwa ta 1996, wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu, ta ƙara fayyace aƙidar a sashe na 254. Sashen ya tanadi cewa mazauna karkara da tsibirai da wuraren da aiki ke da tsada su samu hidimar da ta yi kusa da ta birane, a kan farashin da ya yi kusa da na birane. A 2011 hukumar FCC ta karkatar da akalar wannan tallafi daga tarho zuwa intanet mai sauri.

Ma'anar intanet mai sauri kuwa takan sauya da zamani. A 2015 hukumar ta tsayar da ma'auni a kan megabit 25 a daƙiƙa wajen sauko da bayanai da megabit 3 wajen aikawa. A watan Maris na 2024 ta ɗaga shi zuwa 100 da 20. Duk lokacin da aka ɗaga ma'aunin, gidajen da suka cancanci tallafi sukan ƙaru.

Daga aljihun wa kuɗin ke fitowa?

Hanyoyi biyu ne manya. Ta farko ita ce asusun wadata kowa da sadarwa, wanda ke raba sama da dala biliyan 8 a shekara. Asusun na da rassa huɗu: na yankunan da aiki ke da tsada, da na masu ƙaramin ƙarfi, da na makarantu da ɗakunan karatu, da na asibitocin karkara. Kusan rabin kuɗin na tafiya ne reshen farko, wanda kamfanoni ke karɓa bisa la'akari da wuri. Reshen masu ƙaramin ƙarfi, mai suna Lifeline, yana rage wa gida dala 9.25 ne kacal a wata, kuma sai wanda ya tabbatar da ƙarancin samunsa yake shiga.

Kuɗin wannan asusu ba daga baitulmali yake fitowa ba. Ana karɓarsa ne daga kamfanonin waya a matsayin wani kaso na cinikin da suke yi a kan kira tsakanin jihohi da na ƙasashen waje, su kuma su maka shi a takardar kuɗin abokan hulɗarsu. A shekarar 2000 wannan kaso bai kai 10 cikin ɗari ba, amma a 'yan shekarun nan ya haura 30, saboda cinikin kiran waya na raguwa alhali buƙatun asusun ba su ragu ba. Tun da ba a duba samun mutum kafin a ɗora masa wannan kuɗi, direban tasi a birnin Chicago na iya biyan abin da shugaban banki ke biya idan tsarin wayarsu ɗaya ne.

Wasu sun garzaya kotu suna cewa wannan haraji ne da majalisa ba ta ƙayyade ba. Wata kotun ɗaukaka ƙara ta amince da su a watan Yulin 2024, amma a ranar 27 ga Yunin 2025 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai shida a kan uku, ta yanke cewa tsarin bai saɓa wa kundin mulki ba.

Hanya ta biyu ita ce kasafin da majalisa ke warewa kai tsaye daga baitulmali. Mafi girma shi ne na dokar manyan ayyuka da Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu a ranar 15 ga Nuwamban 2021, wadda ta ware dala biliyan 65 don intanet. Daga ciki, dala biliyan 42.45 na shirin shimfiɗa wayoyi ne da ake kira BEAD, wanda aka raba wa jihohi a watan Yunin 2023, inda Texas ta samu kaso mafi tsoka na kimanin dala biliyan 3.3. Ma'aikatar Noma ma tana da nata shirin mai suna ReConnect tun 2018. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisa ya ƙirga a 2022 cewa akwai shirye-shirye fiye da 100 a ƙarƙashin hukumomi 15 da ke iya bayar da kuɗin intanet.

Me ya sa karkara ke da tsada?

Ƙidayar 2020 ta nuna cewa kashi 20 cikin ɗari na Amurkawa ne ke zaune a karkara, amma karkarar ita ce kimanin kashi 97 cikin ɗari na faɗin ƙasar. Intanet mafi inganci a yau shi ne wanda ke bi ta wayar faiba, wato siririn zaren gilashi mai ɗaukar bayanai da haske. Ita kanta wayar ba ita ce mai tsada ba. Haƙa rami ko rataya ta a kan turaku, da kuɗin ma'aikata, da neman izinin ratsa filaye, su ne ke cinye mafi yawan kuɗin.

Kilomita ɗaya na wannan aiki na iya wucewa ta ƙofar gida 200 a cikin gari, amma a ƙasar makiyaya ya wuce ta ƙofar gida biyu kacal. Idan kuɗin haƙar ɗaya ne, abin da ya faɗa kan kowane gida a wuri na biyu ya ninka na farko sau 100. A tsaunuka da dazuzzuka da jihar Alaska, kai waya gida guda kan ci dubun-dubatar daloli, kuɗin da biyan wata-wata ba zai taɓa mayarwa ba. Wannan giɓi tsakanin abin da aiki zai ci da abin da zai kawo shi ne tallafi ke cikewa.

Karkarar masu hali

Mafi yawan gundumomin da talauci ya yi wa katutu a Amurka na karkara ne. Akwai ƙauyukan baƙaƙen fata a kwarin kogin Mississippi, da garuruwan haƙar kwal a tsaunukan Appalachia, da yankunan ƙabilun asali irin su Navajo da Lakota, da matsugunan da ke kan iyakar Texas da Meziko. To amma akwai wata karkarar ta daban, wadda kyawun tsaunuka da tafkuna ya ja hankalin masu dukiya zuwa cikinta.

Fitaccen misali shi ne gundumar Teton a jihar Wyoming, inda kwarin Jackson Hole yake, wurin da manyan jami'an bankunan duniya ke taron shekara-shekara. Mutanenta ba su wuce 23,000 da 'yan kai ba, amma alƙaluman gwamnati sun nuna ta fi kowace gunduma a ƙasar yawan samu idan aka raba a kan kowane mutum, inda ya haura dala 400,000 a shekara. Haka abin yake, ko da bai kai nan ba, a garin Aspen na jihar Colorado da Sun Valley na jihar Idaho da tsibiran Nantucket da Martha's Vineyard. Annobar korona ta ƙara wa wannan ƙaura ƙarfi daga 2020, lokacin da ma'aikata masu albashi mai kauri suka gano cewa za su iya aiki daga ko'ina muddin akwai intanet.

Taswirar da FCC ta fitar a watan Nuwamban 2022, wadda a kanta ake rabon kuɗin BEAD, gine-gine take ƙirgawa. Gidan da ake kwana a ciki kullum da gidan hutun da ake buɗewa makonni kaɗan a shekara duk suna iya shiga lissafi a matsayin wuraren da ke buƙatar waya.

Abubuwan da suka rura wutar muhawarar

A 2005 ofishin sufeto-janar na Ma'aikatar Noma ya binciki shirin rancen intanet na karkara da dokar noma ta 2002 ta kafa. Dokar ta ɗauki duk garin da mutanensa ba su kai 20,000 ba a matsayin karkara, ba tare da duba kusancinsa da babban birni ba. Binciken ya gano an bayar da rancen fiye da dala miliyan 103 ga garuruwa 64 da ke dab da manyan birane. Daga ciki, dala miliyan 45.6 sun tafi sababbin rukunin gidaje 19 a gefen birnin Houston, waɗanda wasunsu unguwannin masu hali ne. Lamarin ya jawo ce-ce-ku-ce, har majalisa ta gyara ma'anar karkara a dokar noma ta 2008.

A watan Mayun 2017 wasu kwamishinoni biyu na FCC, Mignon Clyburn ta jam'iyyar Dimokurat da Michael O'Rielly na jam'iyyar Rifablikan, waɗanda ba su cika haɗuwa a ra'ayi ba, suka fito tare suna neman jin ra'ayin jama'a a kan a fara duba samun mutum kafin a tallafa wa layin da ke zuwa gidansa. Hujjarsu ita ce kuɗin asusun ba su da yawa, kuma babu hikima a kashe su a kan attajiran da suka zaɓi zama a karkara. Shawarar ba ta zama doka ba, amma ta fito da batun fili.

Sai kuma gwanjon ƙarshen 2020, inda kamfanoni suka yi takara a kan wanda zai karɓi tallafi mafi ƙanƙanta ya yi aiki. An sanar da rabon dala biliyan 9.2 don wurare miliyan 5.2. Daga baya aka gano cewa tsohuwar taswira ta sa wasu wuraren da aka yi gwanjonsu filayen ajiye motoci ne da manyan filayen jiragen sama, har hukumar ta rubuta wa kamfanoni a 2021 tana neman su janye daga irin waɗannan wurare. A watan Agustan 2022 ta soke dala miliyan 885.5 da Starlink ya ci da dala biliyan 1.3 na kamfanin LTD Broadband, bisa dalilin cewa ba su gamsar da ita za su iya cika alkawari ba.

Hujjojin masu adawa

Hujjar farko ta adalci ce. Masu wannan ra'ayi na cewa idan aka karɓi kuɗi daga takardar wayar mai share ofis a birni aka ja waya zuwa gidan hutun mai jirgin sama, an yi kashin dankali, manya a kan ƙanana. Tallafin da ya kamata ya gangaro daga mai shi zuwa marar shi ya koma yana hawa tudu.

Ta biyu ita ce zaɓi. Wanda aka haifa a ƙauye kuma sana'arsa ta ɗaure shi a can ba ɗaya yake da wanda ya sayi fili a kan tsauni don neman shiru da kyan gani ba. Na biyun ya san da nisan kafin ya saya, kuma kamar yadda yake haƙa rijiyarsa ya gyara hanyar gidansa da kuɗinsa, haka ya kamata ya ja wayarsa.

Ta uku ita ce inda amfanin ke maƙalewa. Waya idan ta shiga gida, darajar gidan takan tashi, kuma wannan ƙari na mai gidan ne shi kaɗai ranar da ya tashi sayarwa. Jama'a sun biya, mutum ɗaya ya kwashi riba.

Ta huɗu, wadda ta fi nauyi a wajen masana da yawa, ita ce rashin kuɗi ya fi nisa hana mutane intanet. Binciken cibiyar Pew na 2021 ya nuna kashi 72 cikin ɗari na manya a karkara na da intanet mai sauri a gida, a birane kuwa kashi 77. Tazarar ba ta wuce maki biyar ba. Amma da aka duba ta fuskar samu, kashi 57 ne kawai na masu samun ƙasa da dala 30,000 a shekara ke da shi, alhali a cikin masu samun dala 100,000 zuwa sama kashi 93 ne. Miliyoyin gidaje a birane waya na wucewa ta ƙofarsu, kuɗin biya ne babu.

Hujjojin masu goyon baya

Ɗaya ɓangaren na amsawa da cewa waya ba buhun hatsi ba ce da za a miƙa wa wannan a tsallake wancan. Layi ɗaya ne ke bin hanya, ya wuce gidan mai kuɗi da na talaka da makaranta da ofishin kashe gobara. Idan aka cire gidan attajiri daga lissafi, ramin da za a haƙa bai ragu ba. Abin da ya ragu shi ne yawan masu biyan kuɗin wata. Masu hali su ne suka fi saurin karɓar layi, su ne kuma ke sayen tsari mafi tsada, don haka cire su kan sa aikin ya ƙara buƙatar tallafi.

Suna kuma jan hankali cewa matsakaicin samu na yaudara. A gundumar Teton, kusan kashi 97 cikin ɗari na ƙasa mallakin gwamnati ce, abin da ya sa gidaje suka yi tsadar da ta fi ƙarfin malamai da ma'aikatan jinya da masu dafa abinci a otal. Da yawansu na zaune a ƙananan garuruwan jihar Idaho, suna ƙetare tsauni kullum zuwa aiki. Wata cibiyar nazarin tattalin arziki a Washinton ta bayyana yankin a 2018 a matsayin wanda ya fi ko'ina a ƙasar tazara tsakanin masu kuɗi da sauran jama'a, inda kashi ɗaya na sama ke samun fiye da ninki 100 na abin da sauran ke samu. Duk dokar da ta hana irin wannan gunduma tallafi saboda tana da arziki, ma'aikatanta za ta fi cutarwa, tun da attajirin yana da hanyar da zai yi wa kansa magani.

Akwai kuma batun lokaci. Wayar faiba kan yi shekaru gommai tana aiki, gidaje kuwa suna sauya hannu. Gidan da mai dukiya ke ciki a yau na iya zama na haya gobe. Sannan tantance samun kowane gida na buƙatar ma'aikata da takardu da shiga sirrin harajin mutane, wanda shi ma kuɗi ne.

Hujja ta ƙarshe ta siyasa ce da tarihi. Ba a tambayar dukiyar mutum kafin a kai masa wasiƙa ko a shimfiɗa titi ta ƙofarsa. Masu wannan ra'ayi na cewa shirin da kowa ke amfana da shi ya fi daɗewa, domin yana da masu kare shi a majalisa, shirin da aka keɓe wa talakawa kuwa shi ake fara yankewa idan kasafi ya matse.

Abin da ya faru da tallafin biyan kuɗin wata ya ba kowane ɓangare abin kafa hujja. Dokar 2021 ta ware dala biliyan 14.2 don rage wa gidaje masu ƙaramin ƙarfi dala 30 a wata, ko dala 75 a yankunan ƙabilun asali. Gidaje fiye da miliyan 23 suka shiga. Kuɗin ya ƙare, majalisa ba ta sabunta ba, aka rufe shirin a farkon watan Yunin 2024. Tallafin da ke duba wuri kuwa yana nan daram.

Hanyoyin tsaka-tsaki

Tsakanin a ba kowa da a hana masu hali, an gwada dabaru da dama. Ta farko ita ce ƙayyade abin da jama'a za su biya a kan gida ɗaya. A 2011 FCC ta sa iyakar dala 250 a wata a kan kowane layi. Birtaniya ta bi irin wannan hanya a fili: tun watan Maris na 2020 kowane gida na da haƙƙin neman intanet mai ƙarfin megabit 10, amma idan aikin ya wuce fam 3,400, mai gidan ne zai cika sauran. Amfanin wannan tsari shi ne ba ya buƙatar a binciki aljihun kowa. Illarsa kuwa ita ce talakan da ke can ƙurya shi ma cikon ya fi ƙarfinsa.

Dabara ta biyu ita ce raba aikin gida biyu. Babban layin da ke bin hanya na kowa ne, don haka jama'a su tallafa masa. Reshen da ke barin hanya ya shiga cikin fili mai zaman kansa, wanda wani lokaci kan kai kilomita guda kafin ya isa ƙofa, na mai gida ne. Jihohin Virginia da Kalifoniya na da shirye-shiryen biyan kuɗin wannan reshe, amma sai ga gidajen da samunsu bai wuce wani mizani ba. A nan tantancewa na da sauƙi, domin mutum ɗaya ne ke nema kuma shi kaɗai ne zai amfana.

Ta uku ita ce fifiko wajen jerin gwano. Dokar BEAD ta umarci jihohi su fara da wuraren da ba su kai ma'aunin 25 da 3 ba, kuma su ba gundumomin da talauci ya daɗe a cikinsu fifiko. Ta kuma nemi kamfani ya kawo aƙalla kashi 25 cikin ɗari na kuɗin aiki, in ban da wurare mafiya tsada. Shirin Ma'aikatar Noma ma kan ƙara wa yankunan matalauta maki wajen tantance masu nema. Wannan ba ya hana unguwar masu hali samu, sai dai yana tura ta baya a layi.

Ta huɗu ita ce al'umma ta biya da kanta. Garuruwa da dama sun ci bashi sun shimfiɗa wayarsu suna biya daga harajin gidaje ko kuɗin wata, kuma da dama daga cikin ƙungiyoyin lantarki da aka kafa a zamanin Roosevelt sun shiga sana'ar. Yankin da ke da gidaje masu daraja ya fi kowa ƙarfin bin wannan hanya.

Tauraron ɗan Adam ya sauya lissafi

Tun da Starlink ya fara gwajin hidimarsa a ƙarshen 2020, gidan da ke ƙarshen duniya na iya samun intanet mai ƙarfi ta hanyar ɗan faranti a kan rufi. Ga mai hali, kuɗin na'urar da na wata ba komai ba ne. Wannan ya raunana hujjar cewa idan gwamnati ba ta ja waya ba babu wata mafita. Ga mai ƙaramin ƙarfi kuwa kuɗin watan ya fi na waya nauyi, kuma ƙarfin tauraro kan ragu idan masu amfani suka yi yawa a wuri ɗaya.

Har ƙarshen 2024 babu gidan da aka haɗa da kuɗin BEAD, abin da ya jawo wa shirin suka mai zafi. A watan Yunin 2025 gwamnatin Shugaba Donald Trump, ta hannun Sakataren Kasuwanci Howard Lutnick, ta soke fifikon da aka ba wayar faiba, ta umarci jihohi su sake karɓar tayi su zaɓi mafi araha, ko waya ce ko tauraro. Matakin ya rage abin da za a kashe a kan gidaje mafiya nisa. Sai dai shi ma bai bambanta mai kuɗi da talaka ba: duk wanda ke nesa, faranti ya fi kusa da shi a kan waya.

Inda batun ya shafi Najeriya

Najeriya na da asusu irin wannan. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF a ƙarƙashin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, wanda ke samun kuɗi daga abin da kamfanonin waya ke biya duk shekara, domin kai hidima inda kasuwa ba ta kai ba. Hukumar ta ƙirga yankuna 207 marasa sadarwa a 2013, ta kuma ce sun ragu zuwa 97 a 2022. Gwamnatin tarayya na da shirin shimfiɗa wayar faiba mai tsawon kilomita 90,000 da haɗin gwiwar 'yan kasuwa, kuma Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da Starlink ya fara aiki a cikinta, a watan Janairun 2023.

Karkarar masu hali irin ta Amurka ba ta da yawa a Najeriya, amma tambayar wa ke biya da wa ke amfana ba baƙuwa ba ce ga ƙasar da ta shafe shekaru tana muhawara a kan tallafin man fetur kafin cire shi a watan Mayun 2023. Yayin da ake zana hanyar da sabuwar waya za ta bi, abin da ya faru a gefen Houston da gwanjon 2020 na nuna cewa ma'anar da doka ta ba kalmar karkara, da ingancin taswirar da aka yi rabo a kanta, su ne ke yanke wanda kuɗin zai isa gare shi.

Inda aka kwana

A yau babu wata babbar dokar tarayya a Amurka da ta hana yanki tallafin shimfiɗa intanet saboda mazaunansa masu kuɗi ne. Abin da ya samu karɓuwa a aikace shi ne iyakance kuɗin da za a kashe a kan gida ɗaya, da fifita yankunan matalauta, da barin mai hali ya biya kuɗin reshen da ke shiga filinsa. Wata tawagar 'yan majalisa daga jam'iyyun biyu na nazarin yi wa asusun wadata kowa da sadarwa garambawul, ciki har da batun ko kamfanonin intanet da manyan kamfanonin fasaha su ma za su riƙa zuba kuɗi a ciki. Kafin a kai ga matsaya, ana ci gaba da ja wa gidajen karkara waya ba tare da tambayar samun masu su ba, gidaje miliyan 23 da suka rasa rangwamen dala 30 kuwa ba a maye musu gurbinsa da wani shiri na tarayya ba.